Baba ya juya wa bango fuska tun da aka kwantar da shi

Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 73, tsohon ɗan kasuwar goro ne a nan Garwa. Bara ya faɗo daga babur ya karye a cinya, ya yi makonni a kwance, daga baya ƙafarsa ta hagu ta kumbura, aka ce jini ne ya daskare a jijiya. An yi masa allurai a fatar ciki, sannan aka ɗora shi a kan Sintrom, ƙwayar maganin tsinka jini. Bayan kamar mako bakwai, da muka ga kumburin ya saɓe, sai muka daina saye saboda kuɗin gwaji ya yi mana yawa, kuma ni ce na ce a bari. Yanzu ƙafar ta sake kumbura, fatar ta yi baƙi ta yi tauri, ga gyambo kusa da idon sawu, hoto kuma ya nuna sabon gudan jini. Yau kwanansa 19 a asibiti. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ya canja. Baba mutum ne mai hira da raha, yanzu ya juya wa bango fuska, ba ya cin abinci sai an matsa, rediyonsa ma ya ce a kashe, ƙarfe uku na dare idonsa biyu. Shekaranjiya ya ce wa Inna: “Ku daina ɓarnar kuɗi a kaina, na zame muku kaya.” In ya taka zuwa bayi sai ya yi ta haki. Yayanmu, wanda shi ke biyan kuɗin magani, ya ce a mayar da shi gida a yi masa ƙaho, wai asibitin ne ke kashe masa zuciya. Likita kuwa ƙafar kawai yake dubawa. Ni ba na iya barci, ina ganin ni na jawo masa. Yaya zan yi?

Wata 'ya daga Garwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kin yi daidai da kika sa ido a kan shirun nasa, domin a cikin duk abin da kika lissafa shi ne abin da aka fi saurin wucewa a kai. Gyambo ana ganinsa, ana wanke shi, ana naɗe shi kowace safiya. Dattijon da ya yi shiru kuwa sai a ce ai tsufa ne, ko a ce mai haƙuri ne ba ya damun kowa. Mutumin da aka san shi da raha, sannan ya shafe sama da mako biyu ba ya jin daɗin abin da ya saba so, cin abinci ya ragu, barci ya yanke masa tun tsakar dare, har yana kiran kansa kaya, wannan ya tara manyan alamomin ciwon damuwa, wanda likitocin nan za su fi gane shi in kika ce musu depresiyon. Ciwo ne mai magani, kuma tsofaffi suna warkewa daga gare shi kamar yadda matasa suke warkewa.

Kafin a tabbatar da haka akwai wani abu mai kama da shi da ya kamata a fitar, wato ruɗewar da kan sami tsoho a gadon asibiti. Mutane sun fi sanin irin ta mai sambatu da fizge-fizge, amma akwai irin ta shiru, wadda mutum zai yi lamo kamar mai gyangyaɗi, sai a ɗauka baƙin ciki ne. Bambancin shi ne ruɗewa takan zo farat ɗaya cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu, tana hawa tana sauka, ta fi tsananta da magariba, kuma hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya. Gobe da safe, sannan kuma da yamma, ki tambaye shi cikin hira inda yake da ranar da ake ciki, ki roƙe shi ya jero miki ranakun mako a juye, daga Asabar ya koma Juma'a, Alhamis, har Lahadi. Mai ciwon damuwa zai iya, ko da a hankali da gajiya, ko ya ce miki ki ƙyale shi. Wanda ya ruɗe zai ɓace a tsakiya, ko ya yi daidai da safe ya kasa da yamma. In kin ga haka ki gaya wa ma'aikatan a ranar, domin ruɗewa alama ce ta wani ciwo a jiki: zazzaɓin cizon sauro, ciwon sanyin mafitsara, riƙewar fitsari ko bayan gida, ƙarancin ruwa, ko wani magani da bai karɓe shi ba.

Maganar da ya gaya wa Inna kada a bar ta ta wuce. Ki zauna kusa da shi lokacin da ba baƙi, ki tambaye shi kai tsaye cikin ladabi: “Baba, na ji abin da ka gaya wa Inna. Kana jin ka gaji da rayuwa ne? Ka taɓa tunanin yi wa kanka wani abu?” Na san tambaya ce mai nauyi a bakin 'ya, amma yin ta ba ya dasa wa mutum tunanin da ba shi da shi, yakan ma sauke masa nauyi. Maza tsofaffi suna cikin waɗanda wannan haɗari ya fi shafa a duniya, kuma su ne ba su cika faɗa ba. In ya amsa da e, ko ya yi shirun da bai kwanta miki ba, kada a bar shi shi kaɗai, ki sanar da likita nan take. Ƙwayoyinsa, musamman Sintrom, su zauna a hannun mai jinya, ana ba shi na lokaci ɗaya kawai. In an koma gida a kawar da maganin feshin gona da na ɓera daga inda hannunsa zai kai. Haka nan in ya ƙi ruwa gaba ɗaya na yini guda, wannan ma abin gaggawa ne, balle a zafin Garwa.

Likita kuma, ban ga alamar mugunta ko sakaci a abin da kika rubuta ba. Yana zagaya gadaje da yawa cikin ɗan lokaci, bai kuma san Baban da kuka sani ba, wanda kasuwa take jin muryarsa. A wurinsa dattijo ne mai kawaici. Ke ce za ki kai masa labarin. Ki rubuta a takarda, layi biyar ko shida: ranar da canjin ya fara, yawan abin da yake ci a yini, lokacin da yake farkawa, kalmomin da ya faɗa daidai yadda ya faɗe su, da hakin da yake yi. Ki tare shi lokacin zagayen safe ki ce kina roƙon a duba Baba kan ciwon damuwa. Akwai gajerun tambayoyi da aka tsara don tsofaffi, ɗaya mai tambaya 15 ce ta e ko a'a, ba ta wuce minti goma ba. Ki roƙa a auna yawan jininsa, gishirin jini, aikin ƙoda da sukari, da maƙoƙo in ana yin gwajin a wurin, domin kowanne daga cikinsu in ya karkace yana iya kwantar da mutum haka. Ƙarancin jini ya fi kowanne damuna a nan, saboda mai shan maganin tsinka jini yana iya zubar da jini a ciki a hankali ba a sani ba, ya wayi gari da kasala da haki. Ki kuma tambaya ko akwai likita ko nas mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da za a kira ya gan shi a gadonsa. In babu, likitan da ke duba shi yana iya fara maganin.

In aka yanke shawarar ba shi maganin damuwa, ga abin da za ki riƙe. Ana fara wa tsoho da kaɗan a ƙara a hankali. Sertraline, alal misali, akan fara da miligiram 25 na kamar mako guda kafin a kai 50. Ba ya aiki a rana ɗaya: mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauƙi, shida zuwa takwas kafin a yanke hukunci a kansa, kuma bayan ya warware ana ci gaba aƙalla wata shida, sau da yawa shekara. Irin wannan magani in ya haɗu da Sintrom yana ƙara yiwuwar zubar jini, yana kuma iya rage gishirin jinin tsoho a makonnin farko, don haka dole mai rubuta shi ya san duk abin da Baba yake sha, a kuma maimaita gwaji bayan an fara. Abin da nake roƙonki ki guje masa shi ne ƙwayar barci daga kanti, irin su diazepam ko Lexomil, da Laroxyl ba tare da likita ya auna ba. Suna sa tsoho jiri, ruɗewa da riƙewar fitsari, kuma faɗuwa ga mai shan maganin tsinka jini ba ƙaramin abu ba ne. Tramadol ma kada a haɗa shi da maganin damuwa sai da sanin likita.

Bari in koma kan ƙafar, domin sai kin fahimci abin da ya same ta za ki ga yadda ta ɗaure da shirun. Jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya suna da 'yan marafai a ciki, masu buɗewa sama su rufe, don kada jini ya gangaro baya. Gudan jini in ya zauna a jijiyar yakan lalata marafan, ya bar tabo ya ƙuntata hanya. Daga nan duk lokacin da mutum ya tsaya ko ya zauna ƙafa a rataye, jini sai ya taru a ƙasa. Shi ne nauyin da yake ji, da kumburin da ke ƙaruwa da yamma ya ragu da asuba, da ƙaiƙayi, da baƙin fatar, da taurinta, har ta kai ga gyambo, wanda ya fi fitowa a gefen ciki na idon sawu. Cikin mutum goma da jini ya daskare musu a manyan jijiyoyin ƙafa, biyu zuwa biyar suna samun wannan matsala, galibi cikin shekara biyu na farko, kuma kamar biyar zuwa goma cikin ɗari ne take tsananta musu.

Kan laifin da kike ɗora wa kanki ba zan rufe ki ba. Mafi ƙarancin lokacin shan maganin wata uku ne, kuma yanke shi kafin nan yana ƙara haɗarin dawowar gudan da lalacewar jijiya. Amma waɗancan alƙaluma da na kawo sun haɗa da mutane masu yawa da suka sha maganinsu bai yi giɓi ba. Shekarun Baba, da wurin da gudan ya tsaya, da doguwar kwanciyar karaya, duk suna da nasu kason, kuma ba wanda zai iya ce miki da an ci gaba da sha da ƙafar ta tsira. Kin yanke shawara da abin da idonki ya gani, kumburi ya saɓe, aljihu ya yi ƙasa. Abin da wannan ya koya wa gidanku shi ne saɓewar kumburi ba ta nufin aikin magani ya ƙare. Tun da gudan ya dawo a karo na biyu, akwai yiwuwar likita ya ce a daɗe ana sha, wataƙila ba ranar dainawa, ana sake dubawa lokaci lokaci. Ki tambaye shi wannan a fili kafin sallama, a rubuta muku.

Marafan da suka lalace ba sa komawa yadda suke, amma ƙafar tana iya lafawa sosai, gyambon kuma yana warkewa. Ginshiƙin maganin shi ne matsewa, da bandeji mai roba yanzu, da safar matse ƙafa daga baya. Sai dai kafin a matse ƙafar ɗan shekara 73 dole a tabbatar jijiyoyin da ke kawo jini daga zuciya a buɗe suke, musamman in yana da ciwon sukari ko ya taɓa shan taba. Ana gwada hawan jinin idon sawu da na dantse a raba. In sakamakon ya gaza 0.6 ba a matsewa, in yana tsakanin nan da 0.8 ana sassautawa ƙarƙashin kulawa. Safar ba a sayenta da ka. Ana auna ƙafa da safe kafin ta kumbura: kewayen sama da idon sawu inda ya fi siranta, kewayen sha-raɓa inda ya fi kauri, da tsawo daga ƙasa zuwa ƙasan gwiwa. A kantin magani za ki ji ana cewa aji na 2 ko na 3, likita ne zai zaɓa. Ana sa ta da safe kafin ya sauko daga gado, a cire da dare, kada a naɗe bakinta ya zama kamar igiya, kuma robarta takan mutu bayan kamar wata shida. In yatsun suka yi sanyi, suka dushe, ko suka yi sagau, a cire nan take. A watannin Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, zai so ya yar da ita, alhali a lokacin ne ƙafa ta fi kumbura. A sami biyu ana wanke ɗaya. Batun alwala da safar, a tambayi malaminsa tun yanzu don kada ya zama dalilin cire ta a ajiye.

Gyambon ana wanke shi da ruwan gishirin asibiti ko tafasasshen ruwa da ya huce, a rufe da abin da ba ya manne wa nama. Ba a zuba masa toka, garin kafso, dakakken ganye ko barasar wanke ciwo. Fatar gefe ce ake shafa wa man kaɗanya ko basilin, ban da cikin ciwon. Watanni yake ɗauka, uku zuwa shida ba abin mamaki ba ne, kuma kyau a gaya wa Baba wannan tun farko, domin wanda ya sa ran mako biyu kullum zai riƙa ganin ba a ci gaba. Ki riƙa ɗaukar hoton ciwon da waya kowace Juma'a da ma'auni a gefensa, ki nuna masa yadda bakin yake matsowa. Mai ciwon damuwa ba ya yarda da “ana samun sauƙi” ta baki, amma yana iya yarda da idonsa. Sau uku ko huɗu a yini ya kwanta a ɗaga ƙafar sama da ƙirjinsa na rabin awa, matashin ya tallafi ƙwauri duka har diddige.

Ga inda ciwon biyu suka haɗu. Naman sha-raɓa shi ne famfon da ke tura jini sama, kuma tafiya ce take kunna shi. Ciwon damuwa yana kwantar da Baba, kwanciya tana kashe famfon, ƙafa ta ƙara nauyi, shi kuma ya ƙara ganin ya gama yawo. Kwana goma kacal a gado kan zaftare wa tsoho mai lafiya kusan kilo guda na naman ƙafafu, balle kwana 19 ga marar lafiya. Da zarar maganin tsinka jini ya kama, tafiya ba ta ƙara haɗarin gudan ya ɓalle, akasin abin da mutane suke tsoro. Ki nemi izinin likita, da taimakon mai motsa gaɓoɓi da ake kira kine in akwai, a fara da kaɗan: zama a bakin gado lokacin cin abinci, lanƙwasa sawu sama da ƙasa sau 20 kowace awa, tafiya zuwa ƙofar ɗaki sau uku a yini da mutum a gefensa, gobe a ƙara taku goma. Kada ki jira sai ya ji yana so. A wannan ciwo motsi ne ke fara zuwa, son yi ya biyo baya.

Amma hakin nan a duba shi tukuna. Yana iya zama raunin kwanciya ko ƙarancin jini, yana kuma iya zama wani ɓangare na gudan ya tafi huhu. A cikin waɗanda hakan ta same su, kamar biyu zuwa huɗu cikin ɗari gudan ba ya narkewa duka, sai ya bar hawan jini a jijiyoyin huhu wanda ke wahalar da zuciya. Alamarsa haki ne da ya ƙi tafiya ko yake ƙaruwa bayan wata uku ana shan magani, kuma hoton zuciya ne matakin farko na gano shi. A yau a auna iskar jininsa da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa, yana zaune da kuma bayan ya taka. Haki na farat ɗaya, ciwon ƙirji mai suka in ya ja numfashi, tari da jini ko suma, waɗannan ba a jira musu wayewar gari.

Yaya kuma ina so ki saurare shi da kyau, domin rabin maganarsa gaskiya ce. Doguwar kwanciya a asibiti, da hayaniyar dare, da rabuwa da zaure da masallaci, suna karya zuciyar dattijo, kuma wanda kuɗi ke fita daga aljihunsa kullum yana da haƙƙin ya tambayi ranar ƙarewa. Inda ba za a bi shi ba shi ne ƙaho. Mai shan Sintrom in aka tsaga masa fata jinin yana iya ƙin tsayawa, fatar wannan ƙafa kuma ko ƙuje ta aka yi tana iya zama sabon gyambo, sannan gudan yana can cikin jijiya mai zurfi inda ƙaho ba ya kaiwa. Haka sakiya, da tausa mai ƙarfi, da gashi da ruwan zafi. Kada ki yi gardamar nan da shi a kan gadon Baba, kuma don Allah a daina lissafin kuɗi inda kunnensa yake ji, domin daga nan “na zame muku kaya” take samun abinci. Ki roƙi Yaya ku shiga wurin likita tare, a matsayinsa na babba, ku tambayi sharuɗɗan sallama. A ganina gida ya fi masa, in an cika waɗannan: gwajin INR, mai auna yadda jini ya tsinke, ya zauna tsakanin 2 da 3, an san dalilin hakin, yana ci yana sha, an tantance damuwar an fara yi mata wani abu, an san wanda zai riƙa wanke ciwon da inda za a yi, kuma an ba da ranar dawowa. In ya furta niyyar cutar da kansa ko ya ƙi ruwa, to ba a fita tukuna.

Tun da kuɗin gwaji ne ya katse maganin bara, a fuskanci wannan yanzu. Sintrom yana da araha amma yana tafe da gwajin INR, 'yan kwanaki bayan duk wani canjin adadi, sannan aƙalla sau ɗaya a wata in ya daidaita. Akwai sababbi irin su rivaroxaban da apixaban da ba sa bukatar wannan gwaji, sai dai ƙwayar ta fi tsada, kuma sai an duba ƙoda kafin a ba da su. Ku lissafa na wata guda duka biyun, har da kuɗin babur zuwa ɗakin gwaji, ku kai wa likita ya zaɓa da ku, a kuma raba nauyin tsakanin 'ya'ya kada a bar wa mutum ɗaya. In an zauna a kan Sintrom, ƙwayar miligiram 4 ce mai tsaga huɗu, kuma a nan ake yawan kuskure, tsakanin kwata da rabi. Mutum ɗaya ya riƙe aikin, lokaci ɗaya kowace yamma, yana rubutawa a ɗan littafi. In an manta aka tuna cikin awa takwas a sha, in ya wuce a bari, ba a ninkawa washegari. Ban da diclofenac, ibuprofen da aspirin. Paracetamol ne na ciwo, kada ya wuce giram 3 a yini, in kuma zai sha kwanaki a jere a gaya wa likita. Ban da allura a tsoka, ko ta zazzaɓi ce, sai an faɗa wa mai yin ta abin da yake sha. Flagyl, Bactrim da maganin farin baki na miconazole suna sa jini ya tsinke fiye da kima, maganin tarin fuka na rifampicine kuma yana kashe ƙarfin Sintrom. Miyar zogale, yakuwa, lalo da alayyahu ba a hana shi ba, abin da ake so kada ya yi mako bai ci ba sannan ya cika kwano kwana uku a jere. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba a ajiye su. Haɓon da ya wuce minti goma, jini a fitsari, baƙin bayan gida kamar kwalta, ko buguwa a kai ko da bai ji komai ba, asibiti kai tsaye.

Abin da ku 'yan gida za ku yi masa ba likitan da zai iya. Kada a ce masa ya rasa tawakkali, ko a ce wasu sun fi shi ciwo. Annabi Yaƙub, alaihis salam, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, bai kuwa fita daga cikin masu haƙuri ba. In rashin tsayuwa a salla yana cin ransa, malamin da yake girmamawa ya zo ya tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa wanda bai iya tsaye ba ya yi a zaune, wanda bai iya ba ya yi a kishingiɗe. Addu'a da magani su tafi tare. A kawo masa hularsa da rigarsa ta gida, da tabarau da carbi, a yi masa aski da inji maimakon aska. A fitar da shi baranda da hantsi kafin rana ta yi zafi. Masu dubiya su riƙa shigowa ɗaya ko biyu, minti 15 zuwa 20, maimakon cincirindon da za su kewaye gado suna magana a kansa kamar ba ya nan. Mafi amfani shi ne a mayar masa da matsayinsa. Abokin kasuwarsa ya zo da goro biyu a hannu ya ce, “Alhaji, duba mini, wannan zai kai wata?” Jika ya kawo allonsa ya biya masa. Yaya ya nemi shawararsa kan wani abu na gaske da ya shafi gida, ya kuma bi ta. Abinci kaɗan kaɗan sau biyar ko shida, kunun gyaɗa da madara, ƙwai, romon kifi, a ci tare da shi a kwano ɗaya in zai yiwu, domin gyambo ba ya rufewa in jiki bai sami abin ginawa ba.

Inna ma ki dube ta. Ita ce aka gaya wa waccan magana, kuma in ita ke kwana a tabarma gefen gado tun ranar farko, ƙarfinta ya kusa ƙarewa. Ku tsara kwana tsakaninku, ke ma ki sami dare biyu a mako da za ki kwana a gida. In rashin barcinki ya wuce mako biyu bayan al'amura sun lafa, ke ma ki ga likita, kada ki ji kunya.

Gobe da asuba, kafin zagayen likita, ki rubuta takardar nan, ki kira Yaya ki ce masa kina so ya zo ku tsaya tare. In kin shiga wurin Baba ki kunna rediyon ƙasa-ƙasa lokacin labaran safe, ki zauna kusa da shi ko da bai juyo ba. Ki sake rubuto mana bayan mako biyu mu ji abin da gwajin ya nuna da taku nawa ya kai. Allah ya tashi kafaɗunsa.